Famous Five, Secret Seven ko Find-Outers: wanne za a fara saya wa yaro?

Ranar wata Asabar da hantsi yayata ta kira ni daga gaban wani mai sayar da tsofaffin littattafai, irin masu shimfiɗa leda a bakin titi su baza hajarsu su danne da duwatsu kada iska ta kwashe. Ta ce, "Ƙanena, kai da ka cinye littattafan nan kana yaro, ga su nan tuli guda. Kuɗin guda biyar ne a jakata. Wanne zan ɗaukar wa 'yarka?" Na ce, "To Yaya, karanto mini abin da ke jikin bangon." Ta yi ta karantowa: Famous Five, Famous Five, Secret Seven, wani mai Mystery a sunansa, wani mai Adventure, sai kuma wani Famous Five ɗin. Ta ce ita dai duk ɗaya take ganinsu tunda sa hannun mace ɗaya ne a kan kowanne, kuma mai littattafan ya ce mata Famous Five aka fi saye.

Bai yi mata ƙarya ba, shi aka fi saye. Sai dai yarinyar shekararta 9, tana aji 4 na firamare, Turancinta bai gama nuna ba, kuma irin yaran nan ce da ba a gama ba su labari ba su tare ka da "to me ya sa?" Wanda kasuwa ta fi so ba lalle ne shi zai karɓe ta ba.

Mai sa hannun ita ce Enid Blyton, Baturiyar Ingila da aka haifa a Landan a 1897, ta rasu a 1968. Koyarwa ta fara yi kafin rubutu ya ɗauke ta, kuma ana ganin hannun malanta a aikinta: ta san daidai tsawon babin da yaro zai iya haɗiyewa kafin barci ya sace shi, ta san a ƙarshen kowane babi sai an bar masa abin da zai hana shi rufe littafin. Ta rubuta littattafai ɗaruruwa. A wasu shekarun 1950 takan fitar da kusan 50 a shekara guda, har aka riƙa raɗe-raɗin cewa wasu ne ke rubuta mata, ita kuma ta musanta. Daga cikin wannan tari, jeri huɗu ne za ka fi cin karo da su idan labarin bincike da kasada kake nema, kuma kowanne da irin yaron da aka ɗinka masa shi.

Na ƙanana shi ne Secret Seven, littattafai 15 da suka fito daga 1949 zuwa 1963. Yara bakwai ne suka kafa ƙungiyar sirri: Peter shugaba, ƙanwarsa Janet, sai Jack, Colin, George, Pam da Barbara, da karensu Scamper wanda ba a ƙidaya shi cikin bakwan. Suna taruwa a wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gidan su Peter, an rubuta S.S. a ƙofar, kowa da bajonsa a ƙirji, kuma ba a buɗe maka sai ka faɗi kalmar sirri. Makarantar jeka-ka-dawo suke yi, saboda haka duk abin da zai faru a cikin gari yake faruwa, tsakanin tashi daga makaranta da lokacin kwanciya. A littafin farko bajon Jack ne ya faɗi a inda suka yi wasa da dusar ƙanƙara, ya saci jiki da dare ya koma nema, ya ga wata mota ta tsaya a gaban wani tsohon gida, ya ji wani irin kuka da bai gane na mene ne ba. Daga nan zaren ya fara.

Littattafan gajeru ne, jimlolin ma gajeru, kalmomin da ke ciki kuma suna ta maimaituwa, wanda ga mai koyon Turanci alheri ne babba. Yaro mai shekara 7 ko 8 zai iya gama ɗaya a zama biyu ko uku, kuma daɗin "na gama littafi ni kaɗai" shi ke jawo na biyu. Aibinsa kuwa a fili yake. Bakwai sun yi yawa ga ɗan ƙaramin labari, har ka gama ba ka iya bambanta Pam da Barbara, aikinsu dariya da tsorata. Peter kuma mulkinsa ya yi yawa, ko kalmar sirri ka manta sai ya yi maka tatas a gaban kowa. Wadda ta fi kowa rai a jerin ma ba 'yar ƙungiyar ba ce, Susie ce, ƙanwar Jack, wadda aka hana shiga ita kuma ta lashi takobin sai ta hana su sakat. Yaro mai shekara 11 idan ka ba shi wannan zai ji ka raina shi.

Famous Five shi ne mai sunan. Littattafai 21 ne, na farko Five on a Treasure Island ya fito a 1942 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, na ƙarshe a 1963. Julian da Dick da Anne 'yan gida ɗaya ne, aka tura su hutu gidan baffansu Quentin, masanin kimiyya mai saurin fushi, a bakin teku a wani wuri da ake kira Kirrin. Can suka tarar da 'yarsa Georgina, wadda ta aske gashinta, take sa kayan maza, kuma ba ta amsawa sai an ce mata George. Cikon na biyar ɗin kare ne, Timmy. A gaban gidan akwai ɗan tsibiri mai kangon tsohon gidan sarauta, mallakin dangin mahaifiyar George, ga kuma wani jirgin ruwa da ya nutse tun zamanin kakanni. Hadari ya taso ya tunkuɗo jirgin zuwa saman ruwa, yaran suka samu akwati a ciki, a cikin akwatin taswira, taswirar kuma ta nuna inda aka ɓoye zinariya, a daidai lokacin da rashin kuɗi ya sa iyayen George ke shirin sayar da tsibirin.

Wannan littafin na farko yana da kyau ƙwarai, ba na jayayya. Haka na uku, inda yaran suka gudu daga gida suka tare a tsibirin, da na huɗu, Five Go to Smuggler's Top, mai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da 'yan fasa-ƙwauri. Abin da Famous Five ke sayarwa 'yanci ne: hutu ya zo, manya sun kauce, ga kekuna, ga tanti, ga kwandon abinci, ba mai cewa ku dawo kafin magariba. Abincin ma kansa wani ɓangare ne na labarin, kusan kowane babi sai an zauna an ci. Akwai dalili. A lokacin da ake rubuta yawancinsu abinci da kati ake rabonsa a Birtaniya, ba a daina ba sai 1954, don haka yaron da ke karanta labarin ƙwai da kirim da kek a 1947 yawunsa ne ke tsinkewa da gaske.

Amma ka lura da yadda biyar ɗin nan ke gano gaskiya. Yawanci faɗawa cikinta suke yi. Wani ya ga haske a hasumiya da tsakar dare, wani ya jingina da bango sai ƙofar ɓoye ta buɗe, Timmy ya bi zomo ya faɗa rami sai ga hanyar ƙarƙashin ƙasa. Mugun kuwa tun shigowarsa ka san shi, domin Timmy ya yi masa gurnani. Mai karatu ba a ba shi aikin komai, an ɗauke shi ne kawai a baya ana gudu da shi. Blyton ba ta yi niyyar jerin ya wuce littafi shida zuwa takwas ba, kasuwa ce ta hana ta tsayawa, kuma gajiyar tana bayyana a na ƙarshe-ƙarshen: a sake sace wani masanin kimiyya, a sake samun kogo, a sake kulle yaran, Timmy ya sake cetonsu. Waɗannan na ƙarshen ne kuma suka fi yawa a kan ledar masu tsofaffin littattafai, ban san ko don masu su sun fi saurin rabuwa da su ba ne.

Wanda na ce wa yayata ta duba da kyau shi ne mai Mystery ɗin nan. Sunan jerin Five Find-Outers, amma sau da yawa ba za ka ga wannan sunan da manyan baƙaƙe ba, sai dai ka ga kowane littafi ya fara da The Mystery of. Su ma 15 ne, daga The Mystery of the Burnt Cottage a 1943 zuwa 1961. Yara biyar ne a wani ƙauye mai suna Peterswood: Larry da ƙanwarsa Daisy, Pip da ƙanwarsa Bets, sai wani baƙon yaro mai ƙiba da cika baki, Frederick Algernon Trotteville. Farkon haruffan sunansa suka haɗa suka ga sun ba da kalmar ƙiba a Turanci, shi ke nan ya zama Fatty har abada. Yana da ɗan baƙin kare, Buster, wanda babban burinsa a duniya shi ne ya cafki ƙafar wandon ɗan sandan ƙauyen, Mista Goon.

A nan ne kaɗai cikin jerin huɗun ake yin bincike na gaskiya, irin na littattafan manya. Wani abu ya faru: ɗakin aikin wani mutum ya ƙone, ko wata kyanwa mai tsada ta ɓace daga kejinta alhali ana tsaye a gaban kejin, ko wani yana aika wa mutanen gari wasiƙun cin mutunci ba suna. Yaran su zauna su rubuta sunayen waɗanda ake zargi. Su je su zana sawun takalmin da aka bari a laka, su auna shi. Su bi kowa su ji inda yake a daidai lokacin da abin ya faru, mai gaskiya su soke sunansa. Duk abin da suka gani kai ma ka gani, duk abin da aka faɗa musu kai ma ka ji, saboda haka idan kana da lura za ka iya riga su. A littafin farko mai laifin da bakinsa ya tona kansa, cikin hira ya ambaci wani abu da ya gani a sama, wanda ba zai yiwu ya gan shi ba in da gaske yana inda ya ce yake. Jimla ɗaya ce tak. Yaron da ya wuce ta bai lura ba, idan aka zo ƙarshe sai ka ga ya koma baya yana neman shafin. Wannan komawa bayan ita ce ribar jerin, domin yaron ya fara gane cewa kowace jimla tana iya ɗauke da kaya.

Ga kuma ban dariya, wanda Famous Five ba shi da shi sosai. Fatty gwanin ɓad-da-kama ne, yau tsohuwa mai sayar da balan-balan, gobe yaron mahauci, jibi tsoho mai tari a kan benci, har mahaifiyarsa takan wuce shi ba ta gane shi ba. A The Mystery of the Missing Necklace ya ji ɓarayi za su yi taro a ɗakin da ake nuna mutum-mutumin kakin zuma, sai ya sa kayan Napoleon ya hau ya tsaya ƙiƙam a cikinsu. Ashe Mista Goon ma dabarar da ya yi ke nan, yana can gefe a tsaye a matsayin mutum-mutumin ɗan sanda. Ana tsakiyar taro atishawa ta kama Goon. Ɓarayin suka tashi neman mai atishawa, suka kama Fatty. Na karanta wannan babin ina aji 5, a ƙarƙashin tebur, dariya ta ƙwace mini, malaminmu ya karɓe littafin bai dawo mini da shi ba sai ƙarshen zango.

Abin da ya fi burge ni da na girma na sake dubawa shi ne Bets. Ita ce ƙaramarsu, shekararta 8, yayanta Pip kullum cikin gwale ta yake, amma sau da yawa ita ke faɗin 'yar maganar da ke warware komai, kuma ita ke fara gane Fatty duk irin shigar da ya yi. Sunan ƙungiyar ma ita ta raɗa shi. A Famous Five ƙaramar, Anne, aikinta shirya wurin kwana da wanke kwanuka, tana kuma murna da hakan. Ga yarinya mai yawan tambaya, na fi so ta ga ƙarama irinta wadda lurarta ke da amfani.

Ba wai jerin ba shi da nasa ba. Fatty ɗan masu kuɗi ne, aljihunsa kullum cike, kuma yadda yaran ke wasa da hankalin Mista Goon ya wuce ƙima: su zubar masa da alamun ƙarya ya yi ta tsinta, su aika shi inda ba komai cikin dare. Shi ma dai ba kanwar lasa ba ne, azzalumi ne mai cin zalin ɗan ɗan'uwansa Ern, amma a ƙasan dariyar akwai raini irin na 'ya'yan manya ga talakan ma'aikaci wanda Turancinsa bai kai nasu ba, ga shi babbansa Sufeto Jenks kullum bayan yaran yake. A gidan da ake koya wa yaro ya rusuna wa na gaba da shi, wannan abin a zauna a yi magana ne. Sannan Goon da masu aikin gida ana rubuta maganarsu yadda suke furta ta, a karkace, wanda kan rikita mai koyo ya ɗauka daidai ne. Na ƙarshen jerin kuma, na 1961, bai kai sauran ba ko kusa.

Idan yaron ya kai shekara 11 ko 12 kuma karatunsa ya yi ƙarfi, a tsallake duk waɗannan a ba shi jerin Adventure. Guda 8 ne kacal, daga The Island of Adventure a 1944 zuwa The River of Adventure a 1955, kuma su ne mafi tsawo da mafi kyawun rubutu a aikin Blyton na wannan fanni. Philip da Dinah 'yan gida ɗaya ne masu yawan faɗa da juna, Jack da Lucy-Ann marayu ne, sai akun Jack mai suna Kiki, wadda ke kwaikwayon tsawar manya da ƙarar jirgin ƙasa a lokacin da bai dace ba. Jack mayen tsuntsaye ne, Philip kuma duk dabbar da ta gan shi sai ta bi shi, ba a raba rigarsa da ɓera ko ƙadangare. A nan haɗarin na gaske ne, miyagun da bindiga suke yawo, kuma akwai babba a cikin tafiyar, Bill, jami'in tsaro na sirri. A The Valley of Adventure na 1947 yaran sun shiga jirgin saman da ba nasu ba cikin duhu, suka wayi gari a wani kwari a ƙasar Ostiriya da yaƙi ya kore mutanensa, gidaje a ƙone, ba hanyar fita, a cikin kogunan dutse kuma an ɓoye kayan tarihi masu daraja. In za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak na Blyton, shi zan ɗauka. Amma ga mai shekara 8 ya yi nauyi, kuma wasu wuraren za su iya hana shi barci.

Akwai wani marubucin da ya kamata a sani ko da ba a cika samunsa a kan leda ba, Arthur Ransome, ɗan jaridar da ya yi aiki a Rasha lokacin juyin juya hali. Jerinsa Swallows and Amazons littattafai 12 ne, daga 1930 zuwa 1947, kuma ɗaya daga ciki, Pigeon Post, shi ne ya fara cin lambar Carnegie ta littattafan yara, ta shekarar 1936. Yaransa ba sa kama ɓarayi kowane hutu. Ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska suke tuƙawa a tafkunan arewacin Ingila, su kafa tanti, su hura wuta, su zana taswira. Ya fi Blyton iya rubutu nesa ba kusa ba, kuma a We Didn't Mean to Go to Sea, inda igiyar ruwa ta ja yara huɗu cikin hazo daga gaɓar Ingila har suka tsallaka teku zuwa Holan, tsoron da ke ciki ya fi na duk kogunan Kirrin. Matsalar ita ce littattafan masu kauri ne, tafiyarsu a hankali, kuma cike suke da sunayen igiyoyi da sassan jirgi waɗanda yaron da bai taɓa ganin teku ba zai yi ta tuntuɓe da su. Na mai shekara 12 zuwa sama ne wanda karatu ya riga ya kama. Su Hardy Boys da Nancy Drew da za ka gani a tuli ɗaya kuwa na Amurka ne, an fara su a 1927 da 1930, marubuta da yawa ne suka rubuta su a ƙarƙashin sunan aro, jaruman kuma samari ne da 'yammata masu tuƙa mota. Wani zance ne daban.

Yayata ta yi mini tambayar da kowace uwa za ta yi: "Ba wani abin banza a ciki dai ko?" Ta fuskar da take nufi babu, ko soyayya ba a yi. Amma akwai abubuwan da gara a san da su tun kafin yaro ya zo da tambaya. Karnukan nan ba na gadi ba ne, 'yan ɗaki ne, Timmy a kan gadon George yake kwana yana lasar fuskarta. Naman alade yana cikin kusan kowane kwandon abinci. Abin shan da suke yawan sha mai sunan giya, wato ginger beer, lemon citta ne mai gas, irin wanda ake ba yara. George kuma da ke cewa ita namiji ce, abin da take gudu a labarin shi ne a bar ta a gida ana wanke-wanke maza su tafi tuƙa kwale-kwale. Duk waɗannan hira ɗaya ta isa a kansu: su haka suke yi a garinsu, mu ga yadda muke yi.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne yadda Blyton ke kallon wanda ba Baturen Ingila mai rufin asiri ba. Baƙo daga wata ƙasa yawanci ko mugu ne ko abin dariya. Mutanen nan masu yawo a keken doki da ake kira Jipsi kusan kullum ɓarayi ne marasa wanka. A bugun farko na The Island of Adventure mugun baƙar fata ne mai aikin gida, Jo-Jo, kuma yadda aka siffanta shi ba zai yi wa kowane ɗan Afirka daɗi ba. A bugun baya an mai da shi Bature mai suna Joe. Mutanen ƙasarta ma sun daɗe suna wannan muhawara, har hukumar buga kuɗin Birtaniya ta ƙi amincewa da shawarar a yi tsabar tunawa da ita a 2016 saboda wannan dalili. Ni ban ga ya kai a hana yaro karantawa ba, amma ban yarda a miƙa masa a juya baya ba. Idan ya gama, a tambaye shi wane ne mugun, kuma me ya sa yake ganin kullum irin waɗannan mutanen ne.

Wannan ya kawo maganar bugu, domin littafi ɗaya kan zo da fuska biyu ko uku. Tsofaffin bugu suna lissafi da fam da sule da kwabo, kuɗin da mu ma muka yi amfani da irinsu a Najeriya kafin naira ta zo a 1973, don haka kaka za ta iya yi wa jikarta bayanin sisi da sule fiye da kowane ƙamus. Na baya sun sauya kuɗin, sun cire kalaman wariya da wasu wuraren duka. A 2010 kamfanin Hodder ya sabunta Turancin Famous Five gaba ɗaya don ya yi daidai da na yaran yau, bai karɓu ba, a 2016 suka janye. Ga mai koyo ban ga wani babban bambanci ba, sai dai a jerin Adventure ni na fi son bugun baya saboda Jo-Jo.

A kuma duba bango da kyau, domin ba duk mai ɗauke da sa hannun Blyton ne nata ba. Akwai ci gaban Famous Five da wata Bafaransa, Claude Voilier, ta rubuta daga 1971 aka fassara zuwa Turanci, ba laifi amma ba su kai na asali ba. Mafi haɗari su ne na barkwanci da aka fara fitarwa a 2016 domin manya, masu zane iri ɗaya sak da na yara, irin su Five on Brexit Island da Five Give Up the Booze, inda biyar ɗin suka girma suna fama da siyasa da shaye-shaye. In ka ga sunan Bruno Vincent a jiki, ajiye. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karatu da Faransanci kuwa za su samu Famous Five da sunan Le Club des Cinq, Secret Seven kuma Le Clan des Sept, sai dai an sauya wa yaran suna an mai da labarin Faransa: George ta koma Claude, Timmy ya koma Dagobert.

Bin tsari ba dole ba ne, kowane littafi labarinsa a cike yake. Amma a Famous Five da Adventure gara a fara da na farko, don a nan ake sanin yadda yaran suka haɗu. Find-Outers kuma ya fi daɗi daga na uku zuwa sama, lokacin da Fatty ya fara ɓad-da-kama ya karɓi shugabanci daga hannun Larry.

Abin da muka tsayar da yayata a waya, mai littattafai yana ta yi mata gyaran murya, shi ne Secret Seven guda biyu don yarinyar ta ɗumama, Five on a Treasure Island da aka tono daga ƙasan tulin bangonsa a yage, sai Find-Outers biyu, na kyanwar da ta ɓace da The Mystery of the Secret Room. Na ce ta bar Valley ɗin sai baɗi, ta ce in har yana nan. Mai littattafan ya ce ba ya ajiya.

Bayan mako uku na je gidan. Secret Seven an gama su tun makon farko an ba ƙani. A Secret Room ne Fatty ke koya wa abokansa dabaru biyu: rubutun ɓoye da ruwan lemo wanda ba ya fitowa sai an goga takardar da zafi, da yadda ake fita daga ɗakin da aka kulle, a tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa, a zunguro makullin ya faɗo a kanta, a jawo. Ta gwada ta biyun ta gano ƙofofin gidansu duk sakata ce da kwaɗo, ta ce littafin bai yi tunanin wannan ba. Ta farkon kuwa ta yi aiki. Ina zama ta miƙo mini farar takarda da dutsen guga, yayata na daga kicin tana cewa, "Ka ga abin da ka jawo mini, lemon da na saya don baƙi duk ta matse shi." Na goga. Baƙaƙe masu ruwan ƙasa suka fito a hankali, a karkace: Kawu, saura guda 13.